Ba a Yi wa Hanci Burtu

Makiyayan tumaki na yammacin Amurka ba su da abokin gaba kamar koyoti, dilan ƙasarsu. Ɗan'uwan kare ne da kyarkeci, da wuya ya wuce kilo 20, ga dogon baki, ga wutsiya buzu-buzu. A 1931 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon yaƙar irinsa, aka bi shi da guba da tarko, daga baya har da harbi daga jirgin sama. Bai ƙare ba. Dabbar da aka sani da filayen ciyawa da hamada, yau tana nan daga Alaska har Panama, tana ma kwana a cikin Chicago. Faɗuwar wani tashin wani: ƙarar da kyarketai da aka yi ita ta buɗe masa hanya.

Mutanen ƙabilar Navajo, 'yan asalin ƙasar, sun daɗe da sanin halinsa. A tatsuniyarsu, ana cikin jera taurari ɗaya bayan ɗaya sai ya gaji da jira, ya fizge bargon da suke ciki ya watsa su sama. Wai shi ya sa suke a barbaje. Wayo gare shi, amma ga gaggawa da kwaɗayi, kuma ta nan maharba ke shigar masa.

Kayan aikinsu lasifika ce mai batir da rimot, irin ta kamfanin FOXPRO, cike da muryoyin da aka naɗa. Wadda aka fi kunnawa ita ce ƙarar zomon da aka damƙe. Koyoti ya ji, ya ɗauka banza ta faɗi. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin barbara, ciki ba ya jan sa kamar kishi, sai a kunna masa kukan baƙon koyoti, ya taso neman wanda ya shigo masa gida. Maharbi kan ajiye na'urar can nesa da inda ya laɓe, a gefenta ya kafa ɗan tsumman gashi a kan sandar da ke kaɗawa da kanta, don idon dabbar ya tsaya a can. Maharban Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya sun san wannan dabara tun kafin a ƙera batir. A ganina, wanda ke zaɓen na'ura gara ya duba tsabtar muryarta da nisan da rimot ke kaiwa. Ɗaruruwan muryoyin da ake talla da su, kaɗan ake taɓawa.

Kunne ya ruɗu, ido ya ruɗu, saura hanci. Babban koyoti ba ya zuwa kai tsaye. Kewayawa yake ya koma inda iska ke kai masa warin wurin, in ya shaƙi mutum, shi ke nan, ko ƙurarsa ba za a gani ba. An ce ba a yi wa biri burtu. Hancin koyoti ma haka. Shi ya sa gwani ke duba iska tun kafin ya fito daga mota, ya zauna inda yake hango ɓangaren da take kaɗawa, ya yi kamar minti 20 ko 30, ya tashi ya sake wuri.

Wanda aka harba aka kuskure kuwa ya yi karatu, malamin daji ya ƙara ilimi. Gobe in ya ji zomon nan sai ya zauna can nesa yana haushi, maharbin kuma ya koma gwada kukan tsuntsu ko na ɗan kwikwiyo.