Wuƙaƙen Da Masana Ke Gudun Saye

Masu sha'awar tara wuƙaƙe kan fara duba ƙarfe kafin ado. Ana auna taurin ƙarfen wuƙa da ma'aunin Rockwell. Wuƙar girki mai kyau kan kai 56 zuwa 62, wadda ba ta kai haka ba kuwa tana saurin dakushewa, sai an yi ta wasa ta.

Na biyu shi ne ƙota. Idan wutsiyar ruwan wuƙa gajeriya ce, ba ta ratsa ƙotar har ƙarshe ba, takan yi girgiɗi ko ta karye wajen aiki mai nauyi.

Wuƙar tangaran tana daɗewa da kaifi, amma takan ɓantare idan ta faɗi ko ta bugi ƙashi. Mai haƙora irin na zarto kuma ba ta wasuwa a dutse yadda ya kamata.

Akwai jabun wuƙar Dimashƙu, wadda aka zana wa tambarin igiyar ruwa a sama kawai, ba a ninka ƙarfenta a maƙera ba.

Doka ma tana hana cinikin wasu wuƙaƙe. Amurka ta taƙaita cinikin wuƙa mai buɗewa da maɓalli tsakanin jihohi a 1958, Birtaniya ta haramta sayar da ita a 1959.