Titin Fordham: Kasuwar da ke Bakin Ƙofar Jami'a

Yau shirin namu zai ya da zango a Bronx, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin New York a Amurka, a kan titin da ake kira Fordham.

Wanda ya san Samaru ta Zariya ya san kasuwar ƙofar jami'a: ɗalibai na tafiya hutu, ciniki sai ya kwanta. To, Fordham ba haka take ba. Gaskiya ne nan ma akwai jami'a, kuma ta riga kasuwar zuwa. A 1841 wani babban limamin Katolika, John Hughes, ya kafa ta da sunan Kwalejin St. John, lokacin wurin duk gonaki ne, kuma sai a 1907 ta zama Jami'ar Fordham. Amma jirgin ƙasa ne ya raya titin. Layi mai lamba 4 ya iso a 1917, na ƙarƙashin ƙasa mai harafin D ya biyo baya a 1933. A shekarar ce kuma aka buɗe katafaren kantin Alexander's, inda iyalan Yahudawa da 'yan Ailan da 'yan Italiya ke tururuwar sayen tufafi da rahusa.

Waɗancan iyalai sun yi ta ƙaura zuwa bayan gari, Alexander's ma ya rufe a 1992. Titin dai bai mutu ba, masu shi ne suka sauya. Mutanen Puerto Rico da Jamhuriyar Dominika da baƙaƙen fatar Amurka suka cika shi, sannan 'yan Afirka ta Yamma suka zo, daga Gana da Gambiya da Mali da Gini. Cikinsu har da 'ya'yan zangon Kumasi da Accra, don haka idan ka ji Hausa a cikin bas a Bronx, kada ka yi mamaki. Yau shagunan waya ne da na takalma da na sarƙoƙi da na aika kuɗi gida, kiɗa na tashi, kafaɗa na gugar kafaɗa. Can bayan shingen ƙarfe kuwa, harabar jami'a ce, da ciyawarta da tsoffin gine-ginen dutse.

Inda nake so mu ɗan dakata shi ne maganar 'yan tebur. Da ka tsallaka titin daga jami'ar za ka shiga Arthur Avenue, tsohuwar unguwar 'yan Italiya, inda ɗalibai da yawa ke haya. A da, masu tura amalanke ne suka cika ta. A 1940 magajin gari Fiorello La Guardia ya kwashe su daga titi, amma bai bar su a rana ba, ya gina musu kasuwa mai rufi. Har yau tana ci, ana sayar da nama da cuku da burodi, baƙi na zuwa daga nesa don ita.

'Yan teburin yanzu ba su samu wannan gatan ba. A 1979 birnin ya ƙayyade lasisin masu sayar da kayan da ba abinci ba a 853 kacal, adadin kuma ya shafe sama da shekara 40 bai motsa ba. Mai sayar da hula ko tabarau a Fordham zai so ya yi rajista ya biya haraji, amma ina takardar? Sai tara, sai kwashe kaya. Masu shaguna na kukan an tare musu ƙofa alhali suna biyan haya mai tsada, kuma kukansu na da tushe. Sai dai a ganina, masu sauraro, birnin da ya iya sama wa masu amalanke rumfa a 1940 ba zai rasa yadda zai yi da mai teburin yau ba.

Nan za mu dasa aya. A huta lafiya.