Katin Banki a Hannun Matafiyi: Wa Ke Yanke Farashin Canji?

A ranar 27 ga watan Yuni, 1967, bankin Barclays ya kafa na'urar cirar kuɗi a reshensa na Enfield, arewacin birnin London. Ba kati take karɓa ba, wata takarda ce ta musamman ake zura mata, ita kuwa ta miƙo fam 10, ba daɗi ba ragi. Daga wannan ƙaramin mafari ne aka kai matsayin da ma'aikacin gwamnati da aka tura kwas Ingila, ko ɗalibi a Alƙahira, ko mahajjaci a Makka, zai iya tsayawa gaban bango ya taɓa ajiyarsa ta gida. Lalitar da matafiyan da suke ɗaurawa a ƙugu ta koma ɗan kati, haka kuma cekin matafiya, wanda kamfanin American Express ya fito da shi a 1891, ya kusa zama tarihi.

Amma fa sauƙin nan yana ɓoye wani ciniki wanda yawancin matafiya ba su san ana yi da su ba. Kafin a gane shi, wajibi ne a san hannuwan da kuɗin ke ratsawa. Akwai mai na'urar, watau bankin ƙasar da aka sauka ko wani kamfani mai zaman kansa. Akwai bankin gida wanda ya ba da katin. Tsakaninsu kuwa akwai dillali, galibi Visa ko Mastercard, wanda ke kai saƙo ya komo da amsa cikin 'yan daƙiƙu. Kowane ɗayansu yana da damar cin la'adarsa. Mai na'ura na iya yankar kuɗin amfani da na'urarsa, bankin gida ya ɗora nasa, sa'an nan ga ribar da ke cikin farashin canjin kansa, wadda ba a rubuta ta daban a jikin rasidi.

A nan ne gizo ke saƙar. Sau da yawa, musamman a filayen jirgin sama da unguwannin baƙi na biranen Turai, na'ura takan gane cewa katin baƙo ne. Sai ta yi masa tambaya cikin ladabi: yana son a caje shi da kuɗin da ajiyarsa take ciki, alal misali dala, ko da kuɗin ƙasar da yake tsaye? Har ta nuna masa adadin ƙiri-ƙiri, ta ce wannan tabbatacce ne, ba zai canza ba. Baƙon da ya sha tafiya, ga mutane a bayansa suna jira, sai zuciyarsa ta karkata ga kuɗin da ya saba lissafi da su. To, da ya amsa haka, ya miƙa wa mai na'urar ikon yanke farashin canji, shi kuwa ba ya yankewa sai da riba mai kauri. In da ya zaɓi kuɗin ƙasar, fam a Ingila, yuro a Faransa, riyal a Saudiyya, da canjin ya koma hannun dillali da bankinsa na gida, waɗanda farashinsu ya fi kusa da na kasuwa a mafi yawan lokuta. Tabbacin da na'urar ta yi alkawari gaskiya ne, sai dai tabbacin tsada ne. Abin ya kai har Tarayyar Turai ta yi doka a 2019, wadda ta tilasta masu wannan canji su bayyana yawan ƙarin da suka ɗora bisa farashin Babban Bankin Turai.

Matafiyi na iya tsare kansa da ɗan lissafi, musamman inda farashi yake a ɗaure. Tun 1986 Saudiyya ta tsayar da kuɗinta a kan riyal 3.75 kowace dala, saboda haka riyal 500 ba su wuce dala 133 da 'yan kai ba. Mai katin dala da ya ga an cire masa abin da ya zarce haka, ya san rarar duk la'ada ce. Haka nan mutumin Nijar da ya je Faransa: sefa 655.957 ita ce yuro ɗaya, ba ta motsi. Wata dabarar kuma ita ce rage yawan zuwa. Inda ake yankar kuɗi tsayayye a kowace cira, wanda ya ciri kaɗan-kaɗan sau biyar ya biya la'ada biyar a kan abin da wani ya biya sau ɗaya.

Duk wannan bayani yana aiki ne idan katin ya yarda ya yi aiki tun farko. Ba kowane kati ke ƙetare iyaka ba, domin waɗansu an yi su ne don cikin gida kawai. Waɗanda ke ƙetarewa ma suna ƙarƙashin halin tattalin arzikin ƙasarsu. A 2022 da farkon 2023, sa'ad da dala ta yi ƙaranci, bankunan Nijeriya da yawa sun fara rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar baki ɗaya. Sai a tsakiyar 2025 waɗansunsu suka sake buɗewa, kowanne da iyakar da ya gindaya. Don haka ya kamata mai shirin tafiya ya je bankinsa tun yana gida, ya ji iyakar katinsa, ya kuma sanar da ƙasar da zai je, don kada a ɗauki cirarsa ta farko aikin ɓarawo a toshe katin.

Sauran abin lura shi ne lambar sirri. Galibi kuskure uku ke sa a kulle kati, wani lokaci ma na'urar ta haɗiye shi. A gida wannan ɓacin yini ɗaya ne. A ƙasar waje kuwa, bankin da ke da na'urar bai san mai katin ba, kuma ba kasafai yakan mayar da katin wani banki ba. Na'urar da ke cikin harabar banki a lokacin aiki ta fi wadda ke lungu aminci, ko don a sami wanda za a kai wa kuka. Wanda kuma ya riƙi kati na biyu a wata jaka dabam, da ɗan tsabar kuɗin da zai kai shi masauki, ba zai kwana a tasha ba.