Injin Faskare: Abin Dubawa Kafin A Zuba Kuɗi

A arewacin Amurka da Kanada da ƙasashen arewacin Turai, itacen wuta shi ke riƙe da gidaje da dama idan hunturu ya kama, ƙanƙara ta lulluɓe ko'ina wata da watanni. A Amurka da "kod" ake auna shi, wato tarin itace mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4, kuma gidan da ya dogara da murhun itace kan cinye kod uku zuwa biyar a shekara. Can babu mai faskaren da ke zaga unguwa da gatari a kafaɗa, ƙwadago kuma tsada gare shi. Ko dai maigida ya yi da hannunsa, ko ya nemi inji.

Faskaren ma dole ne. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya cin wuta da kyau sai laimarsa ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Gungumen da aka bari da ɓawonsa kan daɗe bai bushe ba, wanda aka faskara kuwa iska na ratsa shi. A Ingila har doka aka yi a kan wannan: tun daga watan Mayun 2021 aka fara hana sayar wa gidaje jiƙaƙƙen itace a ƙananan ɗauri, saboda hayaƙin da yake fitarwa.

Yawancin injinan faskare da matsin mai suke aiki, kamar dai jak ɗin ɗaga mota. Famfo na tura mai cikin silinda, man ya tura fistin, fistin ya danna gungume a kan wani ƙarfe mai baki irin na gatari har ya tsage. Dabarar tsohuwa ce, domin tun a 1795 Joseph Bramah ya yi rajistar injin matsa mai irin wannan aiki a Ingila. Ƙarfin injin da tan ake faɗar sa, kuma a nan ne mai saye ya fi faɗawa tarko. Lissafin ba shi da wuya: girman fuskar fistin ne ake ninkawa da matsin man. Silinda mai faɗin inci 4, idan man ya kai matsin fam 3,000 a kan kowane murabba'in inci, ƙarfin da za ta bayar bai wuce tan 19 ba. To amma sau da yawa za ka ga inji mai irin wannan silindar an manna masa lambar da ta haura haka. Wanda ya tambayi faɗin silinda da matsin famfo ya fi wanda ya tsaya karanta manyan lambobin jikin kwali sanin abin da yake saye.

Akwai kuma abin da masu talla ba su cika ambata ba, wato lokacin da fistin ke ɗauka ya je ya dawo. Idan aka ƙara girman silinda ba a ƙara famfo ba, ƙarfi ya ƙaru amma tafiya ta ragu. Tsakanin daƙiƙa 12 da daƙiƙa 20 kamar babu wani bambanci, sai ka tsaya gaban gungume ɗari biyar. Shi ya sa injinan fetur masu kyau ke zuwa da famfo mai hawa biyu: fistin ya taho da gudu, da ya ji turjiyar itace sai ya rage sauri ya ƙara ƙarfi.

Mafi araha cikin masu aiki da lantarki ko fetur shi ne ƙaramin na lantarki, mai tan 5 zuwa 7. A Amurka ana samun sa a 'yan ɗaruruwan daloli. Ba shi da hayaƙi, ƙararsa kaɗan ce, ana jona shi a soket ɗin gida. Iyakarsa gungume mai kaurin inci 10 ko kusa da haka, mai tsawon inci 20. Ga wanda ke ƙona kod ɗaya ko biyu na itace mai miƙaƙƙiyar jijiya, wannan ya wadatar, kuma a ganina yawancin masu ƙaramin ƙarfi nan ya kamata su tsaya. Na fetur, mai tan 20 zuwa 35, kuɗinsa kan haura dala dubu, ga mai, ga sabis. Babbar fa'idarsa ita ce yawancinsu ana iya tayar da su tsaye, ta yadda ƙaton gungumen da mutum ba zai iya ɗagawa ba sai a mirgino shi ƙarƙashin bakin ƙarfen. Duk wanda ya taɓa fama da ciwon baya ya san darajar wannan. Akwai wani nau'in da ba ya amfani da matsin mai, sai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa yana tara ƙarfi, ya saki bugu ɗaya cikin daƙiƙa biyu ko uku. Sauri kam akwai shi, sai dai itace mai ƙulli kan sa ya yi ta maimaita bugu. Shi kuwa mai kama da ƙatuwar kusa mai zare da ke juyawa, komai arharsa ban ba kowa shawararsa ba, don yana iya wujijjiga gungume ko ya naɗe hannun riga.

Abin da zai raba gardama shi ne irin itacen da ke gabanka. Wanda jijiyarsa ta miƙe, bugu ɗaya yake darewa ko da ya bushe ƙamas. Wanda jijiyarsa ta murɗe, ko mahaɗar rassa, shi ke tsayar da ƙaramin inji cak, ka ji motar na nishi, gungumen ya maƙale a bakin ƙarfe sai an sa guduma an fitar. Saboda haka kafin a je kasuwa a auna gungumen da aka fi samu, ba mafi girma a tarin ba. Sayen inji mai tan 30 don guntaye goma masu taurin kai asara ce. Waɗannan a sa musu zarto mai inji, ko guduma da ƙarfen tsagawa.

Mai neman sauƙi yana da wasu hanyoyin. A Amurka da Turai shagunan kayan aiki na ba da hayar injin na yini, kuma wanda ya yanka itacensa ya jera tun kafin ranar yana iya gama na shekara cikin yini biyu. Maƙwabta kan yi karo-karo su sayi guda. Na hannu ma ba laifi, in an duba shi da kyau: a ga sandar fistin ba ta da tsatsa ko ƙarzuwa, tiyo bai tsattsage ba, ƙarfen da komai ke zaune a kai bai lanƙwashe ba, waldarsa ba ta buɗe ba. A leƙa man. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. A kuma je da gungume mai ƙulli a gwada a gaban mai shi.

Inji ne da ke cire yatsa cikin ƙiftawar ido. A Turai ƙa'ida ta sa ana ƙera su yadda sai an sa hannu biyu suke aiki, amma wasu kan ɗaure maɓalli ɗaya don sauri, abin da ba ƙaramin ganganci ba ne. A gefe ake riƙe gungume, ba a bakinsa ba, kuma wanda ya ɗora shi shi ne zai ja hannun injin. Idan ana zargin tiyo na yoyo, da kwali ake nema ba da hannu ba, domin man da ke fita da matsi daga ƙaramar huda yana iya fasa fata ya shige nama, wannan kuwa sai asibiti nan take. Na fetur ba a kunna shi cikin ɗaki ko gareji a rufe.

A ƙasar Hausa lissafin daban ne. Gidan da ke sayen itacen girki ɗauri-ɗauri ba ya bukatar wannan inji, ladan mai faskare ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, kuma sana'a ce da ke ciyar da bayin Allah da yawa. Waɗanda zai iya yi wa rana su ne dillalan itace da gidajen burodi masu cin gungume mota-mota. Su ma sai sun yi hattara. Kirya da marke da tsamiya ba itatuwan da ƙaramin inji mai tan 5 zai yi wasa da su ba ne. Na lantarkin da aka yo gwanjonsa daga Amurka an yi shi ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce, kuma motarsa na jan wuta sosai lokacin tashi, ƙaramin janareto ba ya ɗauka. Na fetur kuma sai a sa tsadar mai cikin lissafi, tun da aka cire tallafi a Najeriya a 2023. Sauƙin da ake da shi shi ne bakaniken da ke gyaran tarakta ko tifa ya san famfo da silinda, don haka gyara ba zai gagara ba.

Idan kana da niyyar saye, mai karatu, ka fara lissafa itacen da kake faskarawa a shekara da abin da kake biya a kansa yanzu. In injin ba zai mayar da kuɗinsa cikin shekara biyu ko uku ba, ka yi haya, ko ka sayi gatari mai kyau ka wasa shi.