3.4 Karrama Shugabanni Saboda Hidimar Dimokuraɗiyya: Misalin Alhaji Shehu Shagari

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da ake bi wajen karrama shugabannin siyasa, tare da duba ko kowace karramawa ce ke zama shaida a kan cewa mutum ya yi wa dimokuraɗiyya hidima. An ɗauki Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari a matsayin misali, domin shi ne fitaccen ɗan siyasar yankin da wannan bincike ya shafa. An haife shi a shekarar 1925 a garin Shagari, wanda ke gaba da Boɗinga a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega.

3.4.1 Hanyoyin Karramawa

Hanya ta farko ita ce ta sarautar gargajiya. A shekarar 1962 Sarkin Musulmi Abubakar na III ya naɗa Shagari Turakin Sakkwato, lokacin yana minista a gwamnatin Tafawa Ɓalewa.

Hanya ta biyu ita ce ta lambar girma ta ƙasa, wadda dokar 1964 ta tanada. Mafi girma daga cikin lambobin ita ce GCFR, kuma Shagari na daga cikin waɗanda aka ba su.

Hanya ta uku ita ce sanya sunan mutum ga wani wuri na jama'a, kamar Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da aka sa wa sunansa a Sakkwato, da kuma Titin Shehu Shagari a Abuja.

3.4.2 Ma'aunin Cancanta

Idan aka lura, za a ga cewa waɗannan hanyoyi ba su isa hujja su kaɗai ba. Dalili kuwa shi ne, lambar GCFR takan bi kujera ne, ba hali ba. Janar Muhammadu Buhari da ya hamɓarar da gwamnatin Shagari ranar 31 ga Disamba, 1983, da Janar Ibrahim Babangida da ya soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, duk sun sami wannan lamba. Saboda haka wajibi ne a nemi wani ma'auni. A ganin wannan bincike, ma'aunin da ya fi dacewa shi ne yadda shugaba ya zauna da abokan hamayyarsa a lokacin da iko ke hannunsa.

Ta wannan fuska Shagari ya taka rawar gani. Cif Obafemi Awolowo shi ne ya kai ƙarar zaɓen 1979 har Kotun Ƙoli, amma a shekarar 1982 Shagari ya ba shi lambar GCFR, alhali bai taɓa shugabantar Nijeriya ba. Haka nan ya ba Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda shi ma ya yi takara da shi, irin wannan lamba a 1980. Bugu da ƙari, ya yi wa Janar Yakubu Gowon afuwa a 1981, da Odumegwu Ojukwu a 1982.

Sai dai kuma ba a rasa nono a ruga. A watan Janairun 1980 gwamnatinsa ta kori Alhaji Shugaba Darman na jam'iyyar GNPP, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, zuwa Chadi bisa zargin cewa ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta maido masa da haƙƙinsa. Har ila yau, jam'iyyun hamayya sun zargi NPN da maguɗi a zaɓen 1983, wasu kuma na ganin afuwar Ojukwu dabarar neman ƙuri'a ce, tun da NPN ya shiga bayan dawowarsa.

3.4.3 Karramawa Bayan Rasuwa

Sau da yawa ba a sanin darajar ɗan siyasa sai ƙura ta lafa. Bayan juyin mulki an tsare Shagari har zuwa 1986. Da ya rasu ranar 28 ga Disamba, 2018, Buhari, wanda a lokacin zaɓaɓɓen shugaba ne, ya ba da umurnin a sassauto da tutar ƙasa na kwana uku. A wannan shekarar ce kuma ya ba marigayi M.K.O. Abiola lambar GCFR, ya mayar da Ranar Dimokuraɗiyya 12 ga Yuni maimakon 29 ga Mayu.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa karramawar da ke da amfani ita ce wadda ta faɗi aikin da aka yi ta dominsa, ba tare da ɓoye kurakurai ba. Idan aka bar lamba ta ci gaba da bin kujera, matasa masu tasowa za su ɗauka cewa hawa mulki ta kowace hanya shi ne abin yabo, ba kiyaye amanar masu zaɓe ba.