Naɗi da murɗi a kayan lantarki: misalin zoben Mobiyus

Mai gyaran rediyo a kasuwar Tasawa, in ya ɓare babbar rezistansi irin ta da, waya zai tarar a naɗe bisa ƴar sandar tangaran. In kondansater ce, fallayen alminiyam biyu zai gani, da takarda tsakaninsu, an naɗe su kamar tabarma. Ƙarancin wuri ne dalilin naɗin. Sai dai duk wayar da aka naɗe ta zama bobin ke nan: wuta na bin ta sai maganaɗisu ya taso, ya riƙa turje wa kowane canjin wutar. A wutar gida, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa, abin bai taka kara ya karya ba. A radar, inda ake lissafi da miliyoyi, ɓarnar babba ce.

An daɗe da sanin magani. A ruɓanya wayar biyu kafin a naɗe ta, kamar yadda mai tufka ke yi da igiya: wuta ta tafi ta ɗaya, ta dawo ta ɗayar, maganaɗisun biyu su kashe juna.

A 1966 Richard Davis, na cibiyar Sandia a Amurka, ya sami takardar mallakar wata dabara daban, wadda ya gina bisa zoben da Mobiyus da Listing suka bayyana a 1858. A ƙasar Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Sarkin Hausa, kaba ba ta wuya. Ɗalibi ya tsaga guda, ya murɗa ta rabin juyi, ya haɗa bakunan. In ya bi ta da yatsa zai ga gaba da baya sun zama fuska ɗaya. Davis ya shimfiɗa ƙarfe a fuskokin ƙyallen da wuta ba ta ratsawa, ya murɗa shi haka, ya liƙa wayoyi biyu baya da baya a wuri guda. Wutar sai ta rabu biyu, kuma ko'ina a zoben, in ta fuskar nan ta yi gabas, ta waccan yamma ta nufa.

A ganinmu an cika yabon murɗin. Saɓanin hanyar wutar ne ke aikin, ba siffar zoben ba, domin falle guda da aka ninka biyu ma haka zai yi. Akwai kuma ladan da ake biya: ƙarafa biyu da ke dab da juna, da shamaki tsakani, ƙaramar kondansater ce wadda ba a gayyata ba.