Rawaya: Tsiron da Ke Fure Cikin Rani

A ƙarshen hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe a dazuzzukan Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, akan ga wani fure mai launin ɗorawa ya ɓullo daga ƙasa, ba ganye ba reshe, musamman a inda gobarar daji ta bi. Wannan shi ne furen rawaya, tsiron da Hausawa suka ari sunansa suka sa wa launi. Masana kimiyyar tsirrai na kiransa Cochlospermum tinctorium, sunan da aka buga a shekarar 1831 cikin wani littafi a kan tsirran yankin Sanigal da Gambiya.

Asirin da ke ƙarƙashin ƙasa

Ina tsiro ke samun ƙarfin yin fure bayan wata uku ko huɗu ba a yi ruwa ba? Amsar tana cikin saiwa. Rawaya tana da saiwa mai kauri da ƙarfi wadda ke rayuwa shekara da shekaru. Da damina takan fitar da rassa masu ganye, tsawonsu bai cika kai mita 1 ba, ganyen ya haɗa abinci da hasken rana, a adana shi a saiwa. Idan rani ya shiga sai rassan su mutu, saiwar kuwa tana nan da rai. Da wannan ajiya take yin fure a lokacin da babu dogayen ciyayin da za su kare ta daga idon ƙudan zuma.

Wannan dabara ba ta tsaya ga ƙasarmu ba. A makiyayan da ke kan duwatsun Alfas da Firanis na Turai akwai wani tsiro mai suna Pulsatilla alpina, wanda ke kwana ƙarƙashin ƙanƙara duk tsawon lokacin sanyi, sannan ya yi fure da zarar ta narke. Sunan da Turawan Ingila suka ba danginsa ya samo asali ne daga bikin Ista, domin a wannan lokaci wasunsu ke fure. Ba dangin rawaya ba ne, amma matsalarsu ɗaya: shekara ta kasu biyu, lokacin girma da lokacin wahala. Can sanyi ne, nan kuwa fari. Duka biyun sun dogara ga saiwa mai zurfi, kuma irinsu na da gashi wanda iska ke ɗauka ta yaɗa.

Yadda ake gane ta

Ɗalibi zai iya gane rawaya da alamomi 4. Na farko, furen yana fitowa dab da ƙasa, da kunnuwa 5 masu launin ɗorawa, da zarurrukan namijin fure masu yawa a tsakiya. Na biyu, ganyen damina a rarrabe yake kamar yatsun hannu, kashi 3 zuwa 5. Na uku, ɗan da take yi ƙwanso ne mai siffar ƙwai, idan ya bushe ya tsage sai a ga iri lulluɓe da gashi kamar auduga. Na huɗu, cikin saiwar yana da launin ɗorawa mai rina hannu. Tana da ’yar’uwa, Cochlospermum planchonii, wadda ta fi ta tsawo, kuma ita a kan rassa masu ganye take fure, da damina.

Amfani da barazana

Tun zamanin da ake rina tufafi da saiwar rawaya, ana sa garinta a abinci, masu maganin gargajiya kuma na ba da ita ga mai shawara. Sai dai shawara alama ce ta cututtuka dabam-dabam na hanta da jini, don haka wajibi ne a fara zuwa asibiti. Babbar matsalar ita ce, abin da ake buƙata a jikin rawaya shi ne ransa. Wanda ya tsinki ganyen zogale ya bar bishiya da rai, amma wanda ya tone saiwar rawaya gaba ɗaya ya kashe ajiyar shekaru cikin yini guda. Faɗaɗa gonaki ma yana cinye filayen da take tsirowa.

Shuka ta a makaranta

Malamin kimiyya zai iya raya rawaya a lambun makaranta. A tara ƙwanson da ya bushe a bakin gonakin kusa da gari, a cire gashin, a jiƙa irin cikin ruwa kwana ɗaya saboda taurin ɓawonsa, a shuka a farkon damina a ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya, inda rana ke samu sosai. A shuka a wurin da za ta zauna, domin tsiro mai doguwar saiwa ba ya son dashe. Idan rassan sun bushe da kaka kada a ɗauka ta mutu. A kafa turke a wurin, ɗalibai su riƙa rubuta ranar da fure ya fito da ranar da ganye ya biyo baya. Bayan ’yan shekaru makarantar za ta mallaki bayanin da ita kanta ta tattara a kan tsiron yankinta.